Kada ka haɗa karyarka barbara da ɗan'uwanta

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na ɗan jima. Ka ce Jack Russell biyu kaɗai suka rage cikin karnukan marigayi mahaifinka, uwa ɗaya uba ɗaya, kana so ka haɗa su don kada irin ya ɓace. Allah ya jiƙansa. Amma don Allah kar ka yi.

Ni ma a hannun kakana na gaji nawa. Da karya ɗaya ta rage mini, na je neman namiji wajen wani mai kiwo. Ya rantse mini karensa lafiya lau, bai gaya mini uban karen makancewa ya yi ba. Ya sani, wallahi ya sani. Ta haifi biyar, na riƙe mace ɗaya, mai baƙin tabo a kunne sak irin na karyar kakana. Tana shekara 4 idonta na hagu ya fara ja yana hawaye, tana runtse shi, na ɗauka ƙasa ce ta shiga garin tono. Kwana uku idon ya yi hazo, na ga ta yi karo da ƙofa ta tsaya tana rawar jiki. Likitan dabbobi ya ce madubin cikin idon ne ya goce daga mazauninsa, hawan jinin ido ya biyo baya, mun makara. Cire idon aka yi. Na kira mutumin, wai ai ba shi ya halicci karen ba, ya katse waya. Har yau yana ba da karen nan barbara.

Ciwon gado ne, PLL ake ce masa. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, kowane kwikwiyo na da haɗarin kashi 1 cikin 4. To ina ga 'yan ciki ɗaya? Da gwajin DNA (ƙwayoyin gado) ake gano mai ɗauke da shi, auduga kawai ake gogawa a cikin kumatu. Gwada taka, kuma ka ga sakamakon namijin da idonka.

Kar ka haɗa ta a karon farko da ta nemi namiji, ba ta gama girma ba. Idan ta ɗauki ciki, kwana 63 take yi ko kusa da haka. Rigakafin parvo (cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo) tun 'ya'yan suna mako 6 zuwa 8, kar ka yi wasa da shi.

Kuma idan suna tona maka fili kar ka doke su, don shiga ramin yanyawa aka yi su tun karyar da John Russell, limamin cocin da irin ya samo suna daga gare shi, ya saya a Ingila a 1819. Tawa da ido ɗayan ma ba ta daina tono ba.