Akwatin Rediyon Kakana a Zangon Kumasi

Malam, ka tambaye ni ko mu da aka haifa a zangon Kumasi har yanzu Hausawa ne, tun da ka ji muna cewa "ya zo" ko da mace ce ta zo, kuma iyayenmu mata da yawa 'yan ƙasa ne. Tambayar ba ta yi mini daɗi ba, amma zan amsa maka da abin da na tarar a gidanmu.

Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano. Yakan ce a zamanin iyayensa sai ayari ya sauka ake jin wanda ya rasu a gida, wani lokaci bayan watanni, har a yi ta'aziyyar mutumin da matansa sun daɗe da fita takaba. Wayar tangaraho ce ta fara rage wannan nisa, sai dai ba da harshenmu take magana ba. Rasuwar mahaifiyarsa ta zo masa a 'yar takarda daga gidan waya, da Turanci, har sai da ya nemi akawu ya karanta masa, kuma bai taɓa manta wannan ɗacin ba.

Rediyo kuwa da Hausa ya shigo mana. An buɗe tashar rediyo ta ZOY a Akra a 1935, daga baya Hausa ta shiga cikin harsunan da gidan rediyon Gana yake watsa shirye-shirye da su. Da BBC ta fara sashen Hausa a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, sai kakana ya sayi akwati, ya ɗinka masa riga, kuma babu yaron da ya isa ya taɓa shi. Bayan magariba maƙwabta sukan cika ƙofar gida a kan tabarmi, ana murɗa shi har a kamo Kaduna. A bakin wannan akwati suka ji an kashe Sardauna a Janairun 1966, kuma mahaifina ya ce kakana bai fita kasuwa ba ranar, ya zauna ana shigowa yi masa gaisuwa kamar ɗan'uwansa ne ya rasu.

Kakata, wadda kake ganin aurenta ya rage mana asali, Ba'asantiya ce da ta musulunta. Daga bayan ƙyaure take sauraro tana gyara Hausarta, har ta zama ita ce mai tsawata mana idan muka cusa Tuwi, harshen Asante, cikin magana, ita ce kuma take haɗa sulallan da za a aika wasiƙar gaisuwa Kaduna. Abin da yake damuna shi ne mun shekara fiye da sittin muna sauraronku, ku mutanen Arewacin Najeriya, mun san sunayen sarakunanku da kasuwanninku da farashin geronku, amma da na je Kano sai wani ɗan'uwan kakana ya tambaye ni ko akwai masallacin Juma'a a Kumasi.