Sola ko janareta: yadda ake yi wa mai shago lissafi

Ɗana, ka ce wani mai aski a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, ya ga kuɗin kayan sola da ka rubuta masa ya ce gara ya ci gaba da janaretansa, kana tambaya ko da gaske sola ta fi araha, ko kuwa bakin 'yan kasuwa ne kawai. Amsar tana wajen lokacin da mutum yake shan wutar. Wutar sola da rana ba abin da ya kai ta araha a garin nan. Ta dare kuwa, wadda sai an tara a batir, ita ce mai tsada, kuma a nan yawancin masu aikinmu na haɗa sola ke ɓata lissafi.

Fara da yunit, wato wat 1,000 na awa guda, irin wanda mitar kamfanin wuta na KEDCO ke ƙirgawa. Ƙaramin janaretan fetur ba ya ba da fiye da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a lita, shi ma sai an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. A ce lita naira 1,000 ce, yunit ya tashi 500 zuwa 670, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan magana ba ta ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Wutar KEDCO ta 'yan Band A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, ta haura naira 200 a yunit a Afrilun 2024. Sauran layuka sun fi sauƙi, in ta zo.

Yanzu fanel, wato farantin sola. Katsina tana samun awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana. Ɗauki fanel mai wat 550, ka ninka da 5.5, ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, za ka ga yunit biyu da ɗan wani abu a wuni, wajen 800 a shekara. A ce ka sayo shi 150,000, ka ƙirga masa shekara goma kacal, ko da yake kamfanoni na ba da garantin 25: yunit bai kai naira 20 ba. Ko ka ɗora kuɗin inbata, mai juya wutar ta zama irin ta gida, da ƙarfe da aikinmu, janareta ba ya ko kusa.

Batir fa? Batirin ruwa irin tubula mai 200Ah, bolt 12, yana ɗaukar yunit 2.4, amma rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, wato 1.2. In ya yi shekara uku ana cajinsa kullum, duk abin da ya bayar wajen yunit 1,300 ne. A ce kuɗinsa 250,000 ne, ajiya kaɗai ta ci kusan naira 190 a kowane yunit. Kuma shekara ukun nan sai an kula: zafi na cinye batirin ruwa, ƙarin digiri goma kan 25 yana iya raba kwanansa biyu, ga shi a Afrilu muna haura 40. Wanda ya ajiye shi a ɗakin kwano marar taga, ko ya zuba masa ruwan rijiya maimakon ruwan batir, shekara guda ma da ƙyar. Batirin litiyam ya fi tsada ranar saye, amma ana shan kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, yana jure caji sau dubbai. Ga mai hali, a ganina shi ne mai araha.

To koma kan mai askin nan. Kilifa wat 15, fanka biyu wat 120, ƙwan fitila huɗu wat 40, talabijin wat 60. Jimla wat 235, awa goma yunit 2.35. Janaretansa ba ruwansa da ƙanƙantar kayan, yana shan kusan rabin lita a awa, lita huɗu ko biyar a wuni, wajen naira 120,000 zuwa 150,000 a wata in ya wuni a kunne. Fanel biyu, inbata mai 1kVA da batir ɗaya na bayan magariba sun riƙe shi. Ka tambaye shi nawa yake ba gidan mai a mako, ya faɗa da bakinsa, sai ka raba kuɗin kayan da wannan, watannin da zai mayar da kuɗinsa su fito. Abin da ke masa nauyi shi ne biya lokaci guda, don fetur kaɗan-kaɗan yake fita ba ya ji. Kayanmu kuma daga Sin suke zuwa, dala ce ke musu farashi. In kuɗin bai kai ba, a fara da na rana, a ƙaro batir daga baya, amma kada ka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Mai noman rani a Jibiya ko Ajiwa ya fi kowa riba, don famfon sola ba ya buƙatar batir ko kaɗan. Mai firiza ya kunna ta daga hantsi zuwa la'asar, ƙanƙara ta riƙe sanyin dare. Mai walda da mai injin niƙa kuwa, kada ka yi saurin yi musu alkawari, wutar da injin ke fizga wajen tashi ta ninka ta aikinsa sau da yawa, inbatar da za ta ɗauka sai kuɗin ya fi ƙarfinsu.

Duk lissafin nan yana rushewa in aiki bai yi kyau ba. Fanel ya kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, da tazarar tafin hannu tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Kwanturola, mai daidaita cajin batir, in fanel manya ne sai irin MPPT, irin PWM tana zubar da wuta mai yawa. Waya ta zama jan ƙarfe, 4mm ko 6mm gwargwadon nisa. Da hunturu a wanke gilashin sau biyu a mako, da sassafe kafin ya ɗau zafi. Kafin ka biya kuɗin fanel, fitar da shi rana da azahar ka sa masa mita, ka gwada da abin da ke rubuce a bayansa, don akwai masu manna wa mai wat 300 takardar 450.