Kafin Ka Rubuta Cewa Hanta Ta Ƙandare

Ɗana likita, ka tambayi dalilin da ya sa na riƙe rahotonka kan tsokar hantar da aka ciro wa majinyacin nan da allura, alhali tabo ya fito shuɗi ƙarara a rinin Masson, har ka rubuta F4, wato hanta ta ƙandare. Tabon kam yana nan, idonka bai yaudare ka ba. Hukuncin ne ka yi wa gaggawa.

Ka fara auna tsokar tukuna. Abin da allura ke cirowa kusan kashi ɗaya ne cikin 50,000 na hanta, kamar mai sayen masara a kasuwar Katako ya soka ƙarfe a buhu, 'yan ƙwayoyin da suka zubo su ne duk shaidarsa. Shi ya sa ake son tsawon tsokar ya kai santimita 2, a kuma ƙirga cikakkun mahaɗun fotal 11, kowace da jijiyoyin jininta biyu da bututun ɗaci. Taka guntuwa ce, mahaɗa huɗu kacal, kuma daga gefe take, dab da fatar hanta, inda ko mai ƙoshin lafiya za ka ga zaren tabo.

Sai ma'aunin kansa. METAVIR da ka yi amfani da shi a Faransa aka tsara shi, domin ciwon hanta nau'in C. Na Ishak, na 1995, yana tashi daga 0 zuwa 6. Dukansu suna da amfani, amma sai ka san cutar da kake aunawa.

A nan ne nake so ka tsaya da kyau. Majinyacin nan manomin rani ne, kullum ƙafarsa cikin ruwa, irin masu ban ruwa daga tsofaffin ramukan kuza. Gwaji ya nuna yana da nau'in B, haka ne, amma binciken ƙasa na 2018 ya samu wajen kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da shi, don haka ba kowane tabo za a ɗora masa ba. Tsargiyar hanji, wadda ake kamuwa da ita a ruwa, tana zuba ƙwai a jijiyoyin fotal, tabo mai kauri ya naɗe su, irin wanda Symmers ya bayyana a Masar a 1904. Sai dai ginin hantar yana nan daram: ƙwayoyin hantar suna jere layi-layi, babu ƙulle-ƙullen da ake gani idan ta ƙandare. Irin wannan majinyaci yakan yi aman jini alhali hantarsa tana aiki. Idan ka rubuta masa F4, ka sare masa gwiwa, shi da iyalinsa, ka kuma kawar da hankalin likitansa daga firazikwantel, maganin tsargiya da ba shi da tsada. Wannan abin yana damuna matuƙa, domin rahotonmu ake bi, ba wanda zai zo ya sake leƙa gilashin da aka shimfiɗa tsokar a kai.

Na'urar FibroScan da matasanku ke ji da ita taurin hanta take faɗa, ba ta faɗin abin da ya jawo shi.

Yanzu ka koma ɗakin yanka, ka ce a ƙara zurfafa yankan, a yi rinin retikulin don mu ga jeren ƙwayoyin, da na orsin (orcein) don nau'in B. Ka bi mahaɗun a hankali kana neman ƙwai mai ƙaya a gefe. Ka kuma kira likitan da ya aiko da tsokar, tunda takardarsa layi ɗaya ce: yana shan burkutu ko jiƙe-jiƙe? Saifarsa ta kumbura? An duba bayan gidansa? In ƙwai bai fito ba, mu rubuta cewa tsokar ta gaza, a sake ɗauka. Ka kawo min gilasan bayan la'asar mu duba tare.