Kwano a Rufe Yake Fita Daga Gidanmu

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso tun daren Laraba, na sa jikata ta karanta min shi har sau biyu, ita ce kuma take rubuta miki wannan ina faɗa. Ina gajiya, ina maigidan da yaran? Yaya ƙafar babanki? Mu nan Gadarif, a gabashin Sudan, sai godiyar Allah.

Kin ce ku matan unguwarku a Jidda da kuke haɗa kuɗi duk wata kuna turo mana don tukunyar da muke ɗora wa 'yan gudun hijira, wasu a cikinku sun ce a riƙa aiko musu hoton masu karɓa, kowa ya ga inda riyal ɗinsa ya shiga. Kin kai wa babanki maganar, ya ɓata rai ya ce ba tarbiyyar gidanmu ba ce, daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi ne kike tambayata ina abin kunyar yake, kuma wannan ɓoyon da muke yi addini ne ko al'ada ce kawai.

Babanki tun yana ƙarami haka yake, in abu ya taɓa masa zuciya magana takan gagare shi. Ni zan faɗa miki, sai dai ki yi haƙuri, zancen daga nesa ya taso.

Ke a Jidda aka haife ki, Mai Wurno a bakinmu kawai kika san ta. Garin nan na bakin kogi, kudu da Sinnar, ba masu dukiya ne suka kafa shi ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, sai bayan 'yan shekaru suka sami wurin sauka. Bayansu kuma ayarin maniyyata bai yanke ba, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, a ƙasa, ta Chadi, ta Jinaina da Fashir da Ubayyid, har bakin teku a Sawakin. Tafiya ce ta shekaru. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 kuma a shiga gonakin Jazira tsintar auduga, a tara ɗan abin da ya samu a ƙara gaba. Wasu suka tsallaka suka zama Hausawan Makka da Jidda, wasu ƙafarsu ta tsaya nan.

Kakarmu, wadda ta haifi mahaifinmu ni da babanki, a cikin irin wannan ayarin ta zo. Ta sha ba mu labarin wani dare da suka kwana a bayan wani ƙauye a Kurdufan, ba su jin Larabci, ba su roƙi kowa ba, yara sun yi kuka har sun gaji. Da asuba suka tarar da ƙwarya a rufe da faifai a gefen kayansu, asida ce, wato tuwon Sudan, da madara. Har ta koma ga Allah ba ta san hannun da ya ajiye ba, kuma har ta koma tana sa mai ƙwaryar nan a addu'a bayan kowace salla. Takan ce da matar ta tsaya a kansu da rana tsaka ta miƙo musu, da sun karɓa sun ci, don yunwa ta fi ƙarfinsu, amma da ba su iya ratsa garin kai a ɗage ba. To kin ga, mu jikokin waɗanda aka ciyar ne. Mun san yadda abincin sadaka yake a bakin mai karɓa, shi ya sa muke lura da yadda muke miƙawa.

Bari in gaya miki yadda na tashi na ga ana yi. Bayan magariba yara ke fita da kwanuka gida-gida, abin da muke kira ciyayya. Kowane kwano a rufe, ba wanda ya san na wane gida ne ya fi nama. Kuma kwano ba ya komawa wofi. Gidan da ba su ɗora tukunya ba ranar, matar za ta zuba 'yar kuka ko daddawa ko dabino uku ta mayar. Innarmu in ta buɗe sai ta ce madalla, dama kukarmu ta ƙare. Ina yarinya nakan yi mamaki, don ga kuka nan cike da tulu. Sai da na girma na gane so take matar ta kwana da sanin cewa musaya aka yi, ita ma ta bayar.

Haka in an ga mace ta shiga matsi, ba a ce mata zo ki karɓa. Sai a aika a ce a taimaka mana da surfe ko tankaɗe, in ta gama a auna mata abin da ya ninka ladan aikin. Namiji kuma a ce masa ga rance, in Allah ya hore ka biya, alhali mai bayarwa ya riga ya yafe a zuciyarsa. In an yi girbi ba a share gona tas, ana barin kala, masu bukata su bi da sassafe su tsince ba mai kallonsu. A ƙofar gida ga randar ruwa, zir ɗin nan da mutanen ƙasar nan ke ajiyewa a inuwa, mai wucewa ya sha ba sai ya yi sallama ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa wurin mutanen Sudan muka same shi, gaskiya a faɗe ta. In azumi ya zo, maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Kowa zai fito da siniyarsa, wato tiren abinci, bakin titi, a shimfiɗa tabarmi, a jera asida da balila da hilu-mur, a zauna tare. A ƙauyukan Jazira har tare motoci suke yi a kan hanyar Khartum zuwa Madani, sai matafiya sun sauko sun sha ruwa. Ki duba hikimar: in an haɗe tirori wuri ɗaya, wa zai ce wannan ya kawo, wancan bai kawo ba? Wanda ba shi da komai shi ke shimfiɗa tabarma ko ya ɗauko buta, ya zauna ya ci kamar kowa.

Ni kaina sai da na yi kuskure kafin abin ya zauna min. Shekarar yunwa, 1984 zuwa 1985, lokacin da dawar agaji ta Amurka ta shigo har mutane suka sa mata suna Rigan, sunan shugaban Amurka na lokacin, ina amarya a nan Gadarif, gidanmu da ɗan sauran hatsi. Akwai maƙwabciyata da mijinta ya tafi neman aiki, na lura kwana uku hayaƙi bai tashi a gidanta ba. Muka haɗu a gidan suna, cikin mata, na ce mata da zuciya ɗaya, ki aiko yaro ya karɓi dawa, na ga kwana uku ba ki hura wuta ba. Ta yi murmushi ta ce alhamdu lillahi, muna da shi. Ba ta aiko ba. Kafin mako ya zagayo ta sayar da gadonta da tasoshinta ta kwashe yara ta koma wurin danginta. Da surukata ta ji abin da na faɗa, ta kira ni ɗaki ta ce, dawa kika ba ta ko zane kika tuɓe mata? Shekara arba'in ke nan, har yau in na tuna murmushin matar nan sai na nemi gafarar Allah.

Yanzu ki dubi waɗanda ke zuwa tukunyarmu. Tun rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis a Yulin 2022 danginmu suka fara watsuwa. Sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024. Makarantun Gadarif suka cika, aji ɗaya iyali da yawa, an raba da zannuwa. A cikinsu akwai malaman makaranta, akwai masu shaguna, akwai matan da a da siniyarsu ce ta fi ta kowa cika a layinsu. Wata rana wasu masu agaji suka zo rabon kaya da na'urar ɗaukar hoto. Ina kallo wata dattijuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zame daga layi da bokitinta wofi. Ranar jikokinta da me suka kwana? Hoton da ya shiga waya ba ya mutuwa, 'yata. Yaƙi zai ƙare, wasu ma sun fara komawa tun da aka karɓo Madani a Janairun 2025. Yarinyar da aka ɗauka riƙe da kwano za ta girma a zo neman aurenta, yaron zai zama mutum a cikin tsaransa, hoton yana nan a Facebook. Kada kuma a ce ai an nemi izininsu. Mai jin yunwa in ka tsaya da ludayi a hannu ka tambaye shi, me zai ce in ba to ba?

Batun addini ne ko al'ada, ni ba malama ba ce, amma na zauna tafsirin azumi shekaru masu yawa. A cikin Baƙara Allah ya ce in an bayyana sadaka abu ne mai kyau, in kuma an ɓoye an kai wa matalauta ya fi alheri. Ya hana a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ya kuma ambaci waɗanda saboda kamun kai wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne. Ashe bayyanawa ba haramun ba ce. Zakka ma a fili ake fitar da ita: a nan noman ruwan sama muke yi, dawa da riɗi, buhu ɗaya cikin goma, kowa na gani, har hukuma tana da Diwanin Zakka. Abin da al'adarmu ta tsare shi ne fuskar mai karɓa. Ka bayyana abin da ya fita daga hannunka in akwai dalili, amma mutuncin wanda ya shiga hannunsa ba naka ba ne balle ka nuna.

Matan nan da suka nemi shaida kuwa, kada ki ga laifinsu. Kuɗin guminsu ne, wata aikatau take yi, wata abinci take sayarwa, kuma an sha cin amanar mutane da sunan taimako. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka lissafi ba rashin yarda ba ne. A nan na saba da babanki kaɗan. Shi yana ganin yadda aka yi a da ya isa. Bai isa ba. Ciyayya da idon maƙwabci take aiki, sai wanda aka sani ake lura da hayaƙin gidansa. Wanda ba shi da maƙwabci fa? Yaran nan da ke kwana a kasuwa da tashar mota, waɗanda ake ce wa shammasa, shekara da shekaru muna miƙa musu ragowar abinci daga bakin ƙofa, ban taɓa ganin an zaunar da ɗayansu a kan tabarma an ci da shi ba. Wannan gazawarmu ce, ba zan rufe ta ba. Kuma an ce haƙƙin baƙo kwana uku ne, to yau baƙo ya shekara ya ƙara. Mu ma mun ba wani iyali daga Madani ɗakin ƙofar gida, su tara. An yi zaman lafiya, an kuma yi 'yan saɓani kan gawayi da ruwa da faɗan yara, don ɗan Adam ne. Irin wannan nauyi ba kwanon magariba ke ɗaukarsa ba, sai an haɗa hannu, an rubuta, an san buhu nawa ya shigo, nawa ya fita.

Ga yadda muke yi a takiyyarmu, wato tukunyar unguwa. Matan da suka yi gudun hijira su ne rabin masu girkin, wata na tsince adas, wani irin ƙaramin wake, wata na yanka albasa, wata na kan wuta, in aka sauke kowa ya ɗibi na gidansa, ba a gane mai bayarwa da mai karɓa. Kowa da mazubinsa mai murfi yake zuwa. Akwai kuma gidajen da muka san ko za su mutu ba za su tako ba, tsofaffi da waɗanda kunya ta ɗaure. Su bayan magariba yara ke kai musu, a ce Goggo ta ce a ɗanɗana mata gishiri. Kwanon yakan dawo da ɗan lemun tsami ko ƙullin shayi, mu karɓa mu yi godiya.

Saboda haka ki gaya wa 'yan'uwanki mata, da gaisuwata da godiyata, cewa duk ƙarshen wata za mu turo musu hoton buhuna ranar da aka sauke su, da takardar mai shago, da shaidar Bankak, manhajar da ake tura kuɗi da ita, da hoton tukwane a kan wuta, da adadin gidajen da aka ciyar. Wadda ke da ɗan'uwa a Gadarif ta turo shi ko wace rana ba tare da sanarwa ba, ya duba littafin, ya zauna ya ci da mu. Fuska dai da suna ba za mu aiko ba. In wata ta ce sai da su za ta ci gaba, ki yi mata godiya kan abin da ta riga ta bayar, kada ki yi jayayya da ita.

Sai abu ɗaya. In za ku turo na watan gobe, a ware wani abu don tamfol da gidan sauro. Damina ta kusa, kin kuwa ji labarin laƙar Gadarif, in ruwa ya sauka ko jaki da ƙyar yake fita, ga waɗanda ke kwana a rumfunan harabar makaranta ba su da abin da zai tare musu ruwa. Ki karanta wa babanki wannan saƙon a hankali, ki tambaye shi ko yana tuna ƙwaryar Kurdufan. Ki shafa min kan yaran.

Goggonki.