Za a iya gwada ƙarfen inji a kwamfuta kafin a yanka shi?

Tambaya: Salam malam, ina da gareji a Zongo nan Damagaram, muna ƙera injin sussukar gero da na niƙa. Sandar da ke juya puli ce ke ta karye mana, sau uku kenan kuma duk wuri guda, daidai inda ta sirance za ta shiga boris. An ce akwai manhajar da ke nuna inda ƙarfe zai karye tun ba a yanka ba, gaskiya ne? Salulata za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ne, amma salula kam manta da ita, kwamfuta za ka nema mai RAM giga 8, in da hali 16. Masana'antu suna amfani da manhajoji irin su Ansys ko SolidWorks, tsadarsu ba ta mai gareji ba ce. Kai sauke FreeCAD, kyauta ce kuma in ka sauke ba ta neman intanet, a cikinta akwai sashen FEM, wato wanda ke lissafin inda ƙarfe ke shan wuya.

Za ka zana sandar da awonta na gaskiya, manhajar ta daddatsa ta ƙanana ƙanana kamar raga, ka nuna mata inda boris ke riƙe da ita, da inda bel ke ja da ƙarfin jan, sai ta yi lissafi ta shafa wa zanen launi, shuɗi lafiya lau, ja kuma nan ƙarfe ke shan wuya.

Ni tun ban ga zanenka ba ina zargin wannan gaɓar da ka ce. In an sassaƙa ta da kusurwa mai kaifi duk wahalar nan take taruwa, ga bel na ja gefe guda sanda na juyawa, kowane zagaye sai ta lanƙwasa nan ta koma can, in inji mai juyi kusan 1,500 a minti ne ka ga a yini sau nawa kenan, tsaga ta fara kamar gashi har ranar da za ta ɓalle. Zana ta iri biyu, ɗaya da kaifin, ɗaya ka zagaye kusurwar daidai yadda bakin boris zai zauna, ka kwatanta. Lambar da manhajar za ta ba ka a kan kaifin kar ka yarda da ita, kana ƙara ƙanƙanta ragar tana ƙara hawa.

Sai maganar ƙarfen kansa. Manhaja ba ta san na bola ka sayo ba, abin da ka rubuta mata shi za ta ɗauka. In ba ka san irinsa ba ɗauke shi a matsayin S235, wanda ke fara sakin jiki a megapaskal 235 (megapaskal shi ne ma'aunin wuyar da ƙarfe ke sha), kuma tunda sanda ce mai juyi ni ba zan bari lissafin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.

Turo min hoton bakin karayar da kaurin sandar, in akwai santsi da layi-layi a gefe guda to gajiyar ƙarfe ce, wato wannan lanƙwasar ta kowane zagaye. Ka duba bel ɗin ma, wasu yaran gareji ɗaure shi suke tamau kamar tsirkiyar baka.