Takardun Kaka suna nan Kumasi

Yaya, saƙonka ya iso, har na karanta wa Inna. Ka ce a tattara takardun ajamin Kaka da takobinsa a aiko "gida" Zariya, tun kafin 'ya'yanmu da Hausarsu ta gurɓace su sayar wa Turawa. Wallahi maganar nan ta sosa mini rai.

Ko da na so, ba abin da zan cusa a jaka in bi ta iyakar Aflao da shi ba ne. Tun 1969 Gana ke da dokar da ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukuma, ku ma ai kuna da taku ta 1979. Kuma mu nan mun ga ƙarfin doka da idonmu. Kayan gwal na sarakunan Asante da sojan Ingila suka kwashe, wasu tun 1874, da suka dawo Manhyia, fadar Sarkin Asante, a 2024, aro aka ba masu su, na shekara uku, domin dokar Ingila ta 1963 ta hana babban gidan tarihinsu rabuwa da abin da ke hannunsa. Na je na gani. Wata tsohuwa a gabana tana ta share hawaye da bakin zane.

To, batun "kun auri Asante kun ɓace" fa? Inna 'yar Asante ce, haka ne, kuma ko baƙi ɗaya na ajami ba ta iya karantawa. Amma ita ce duk rani take fito da gafakar nan da Kaka ya zo da ita cikin ayarin fataken goro, ta yi alwala, ta baje takardun a inuwa, ta sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani saboda ƙwari. Shekara arba'in ke nan. Ranar da ruwa ya shigo mana ɗaki, gafakar ta fara ɗauka kafin adakar zannuwanta.

Na san kuna dariya in yaranmu suka ce "yarinya ya zo". Ku yi. Amma da wannan Hausar ake wa'azi a Zango, da ita ake raɗa suna.

Ni kuwa da na yi zaman karatu a wajenku, da idona na ga ana haƙar ƙasar ganuwa ana buga bulo, ba wanda ya ce uffan, alhali doka ta kare ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina ma, sai da wani ɓangarensa ya rufta kan masallata a 2023, Allah Ya jiƙansu. Ba gori nake yi ba, Yaya, Zazzau tawa ce ni ma, abin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Zan ɗauki hoton kowane shafi in turo maka bayan Sallah, ka kai wa malaman tarihi na jami'a a Samaru su duba. Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo ka gani da kanka.