Hayar Kayan Sauti Don Bikin Gama Jarrabawa: Kuɗin Halas Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a aji uku a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi. Mahaifina ya rasu, ni nake biya wa kaina kuɗin rajista da na ɗaki. Ina da manyan lasifika biyu, da mikisa, da makirufo, da ƙaramin janareta, ina ba da hayarsu a walima da lacca. Yanzu ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta nemi in kawo kayan ranar takardar ƙarshe, daga bayan La'asar har dare, a kan naira dubu 70, sun ba ni dubu 30 kafin alƙalami. Ni ba mawaƙi ba ne kuma ba na rawa, zama kawai nake yi a bayan mikisa ina sako musu waƙoƙin da ke cikin kwamfutata. Wani abokina ya turo mini bidiyo cewa Ibn Hazm ya halatta kiɗa, kuma wai hadisin Buhari a kai bai inganta ba. Shin kuɗin nan halas ne? Sannan a makon jarrabawa kwana nake yi ina karatu da kiɗa maras murya a kunne, wani lokaci da wata ƙwaya da wani ke ba ni, shi ya sa Asuba take wuce ni.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a guminka. Maraya da ya zaɓi ɗaukar lasifika a kafaɗa maimakon miƙa hannu ya cancanci a ba shi amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, don haka ka saurara, ɗana.

Kayan da ka lissafa ba su da laifi. Lasifikar da ake kiran salla da ita, da ita ake tallan magani a kasuwa. Hayarta ga walima da lacca halas ce, babu mai jayayya a kan wannan.

Abin da ya sauya hukuncinka yana cikin jumlar da ka kawo don kare kanka: "ina sako musu waƙoƙin da ke cikin kwamfutata." Kai ne makaɗin taron nan. A da sai an kira mai kalangu ya rataya, ya buga, sannan fili ya ɗau zafi. Yau yatsa ɗaya a kan kwamfuta ya ɗauke masa aikin. Kai kake zaɓar waƙar da za ta biyo bayan wata, kai kake ɗaga sauti in ka ga jiki ya yi sanyi, kai kake maimaita baitin da aka yi wa ihu. Dubu 70 ɗin ba ladan akwatunan katako ba ne kaɗai, ladan wannan aikin ne. Sharaɗin haya a shari'a kuwa shi ne amfanin da aka ƙulla ciniki a kansa ya zama halas. In amfanin ya haramta, ladansa ya haramta.

Ka sake duba lokacin da suka yanka maka: daga bayan La'asar har dare. Magariba da Isha'i suna cikinsa. Kai ka fi ni sanin abin da ido ke gani a irin wannan rana: fararen riguna, alƙalamin maka a hannu, saurayi ya dafa kafaɗar budurwa yana rubutu a bayan rigarta, wayoyi a sama ana ɗauka, kafin gari ya waye 'yar mutane tana yawo a TikTok, har ya kai ga wayar yayanta a Jega ko Argungu. Ladan masallacin makaranta zai kira Magariba, sautinka ya danne nasa. Ko da kayan kawai za ka ajiye ka tafi, matuƙar ka san abin da za a yi da su, hukuncin bai canja ba. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Wanda ya zo ya karɓi lasifika ba ka san komai game da taronsa ba, ba a ɗora maka bin diddiginsa ba. Amma waɗannan 'yan sashenku ne, ka san shirin tun daga tushe.

Mas'alar hayar kayan kiɗa tsohuwa ce a littattafanmu. Muhtasarul Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, a babin haya, ya sa hayar duffi, wato bandiri, da sauran kayan kiɗa don biki cikin makaruhai. Shehu Dardir da ya zo sharhi sai ya bambance: duffi da gangar da ake kira kabar a bikin aure sun halatta, hayarsu ce makaruhi, sauran kayan kiɗa haramun ne, haka ma waɗannan biyun in ba a aure ba, don haka hayarsu haramun ce. Wannan a bikin aure ke nan, inda shari'a ta fi sassautawa. Gama jarrabawa ba aure ba ne.

Yanzu maganar Ibn Hazm, wadda ta zama guzurin kowane ɗalibi da waya a hannu. Gaskiya ne ya faɗi haka. Babban malami ne na Andalus, mabiyin mazhabar Zahiriyya, ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, kuma akwai waɗanda suka bi shi a kan wannan a zamanin da da na yanzu. Ba mu zaginsa, ba mu fitar da mabiyansa daga Musulunci. Amma ra'ayin nasa a kan hujja ɗaya ya fi tsayawa, kuma hujjar ta rushe.

Cewa ya yi hadisin da ke cikin Buhari, a littafin abubuwan sha, wanda ya ba da labarin mutanen da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, yankakke ne, domin Buhari bai ce "Hisham bin Ammar ya ba mu labari" ba, sai ya ce "Hisham bin Ammar ya ce." To wane ne Hisham? Malamin Buhari ne, ya zauna gabansa, ya ji daga bakinsa. Buhari kuma ba mai ɓoye malami ba ne. In ɗalibi amintacce ya ce "malamina ya ce," ƙa'idar malaman hadisi ita ce a ɗauka ya ji ne. Bayan haka, ko da a ce mun rufe Buhari mun ajiye, wasu almajiran Hisham sun ruwaito hadisin daga gare shi da sarƙa cikakkiya ba gurbi. Yana wajen Ibn Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi. Ibn Salah, wanda ya rasu a 643, ya fito ƙarara ya ce Ibn Hazm ya yi kuskure a nan, kada a waiwayi maganarsa. Ibn Hajar, wanda ya rasu a 852, ya bi hanyoyin hadisin ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su. Kuma ba wannan ne tuntuɓen Ibn Hazm na farko a sanin mazajen hadisi ba. Shi ne aka ruwaito ya ce Tirmizi mutum ne da ba a sani ba, don littafinsa bai isa hannunsa ba.

Wasu kuma sukan kama cewa mai ruwayar ya yi shakka a kan wanda ya ji hadisin daga gare shi, Abu Amir ne ko Abu Malik. Dukansu biyu sahabbai ne, shakka tsakanin amintattu biyu ba ta rage komai.

Abin da mai bidiyon bai gaya wa abokinka ba ya fi wannan nauyi. Ibn Hazm da kansa ya rataya hukuncin a kan niyya, ya ce wanda ya saurara don ya sami ƙarfin saɓa wa Allah fasiƙi ne. Bai taɓa halatta cuɗanyar maza da mata a filin rawa ba, bai halatta kalaman batsa ba, bai halatta a bar Magariba ta fita ba. Imam Gazali, wanda shi ma ake jingina da shi don ya sassauta a kan sauraron waƙa, ya lissafa abubuwan da ke mayar da ita haram, a cikinsu akwai batsa a baiti, da mai saurare ya zama matashi da sha'awa ta rinjaye shi. Ka ɗauko jerin waƙoƙin da ke kwamfutarka ka karanta baitocinsu a takarda, ba kiɗa, kamar za ka karanta wa mahaifiyarka. Nawa za ka iya kaiwa ƙarshe? Don haka ko a bi jama'ar malamai, ko a bi mai sassauci, taron da aka kira ka bai tsallake ba. Saɓanin da ake ta ambato yana kan sautin kayan kiɗa shi kaɗai, ba kan wannan fili ba. Masu cewa "ai mun sha wuya wata huɗu, dole mu sauke gajiya" na yarda da wuyar da suka sha. Gajiya tana halatta barci da wasa da walima da ziyara. Ba ta halatta hannun namiji a jikin 'yar wani.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi a makon nan, kada ka bari sai ana gobe ka jefa su cikin wahala. Ka sami shugaban ƙungiyar kai da shi, ba a zauren WhatsApp ba inda kowa zai so ya nuna bajinta. Ka ce masa za ka iya kawo makirufo da lasifika don jawabin malamai, raba kyaututtuka, wasan kwaikwayo da waƙen baka mai tsabta, daga ƙarfe huɗu da rabi zuwa kiran Magariba, kai ne a kan mikisa, ba a jona wayar kowa ba, kana jin kiran salla ka kashe janareta ka naɗe waya. Ku rubuta, ku sa hannu, ka rage farashi daidai da raguwar aikin. Abin da ke ɓata irin wannan yarjejeniya abu ɗaya ne: ka bar kayan a hannun wani ka tafi salla, ka dawo ka tarar an jona waya fili ya rikice. Don haka kebul ɗin ya tafi masallaci a aljihunka. In sun yarda, kuɗinka halas ne. In sun ƙi, ka mayar musu da dubu 30 ɗinsu cif. In ka taɓa, bashi ne a kanka, ka faɗa musu ranar biya.

Ba ka tambayi abin da ka karɓa a irin waɗannan tarurruka a baya ba, amma na san zai dame ka. Abin da ka ci ba ka san hukunci ba, tuba ta ishe ka. Abin da ya rage a hannunka daga wanda ka karɓa kana sane, ka kintata ka bayar ga mabuƙaci. Ba za ka mayar wa waɗanda suka biya ba, sun riga sun sami abin da suka saya. In kai kanka kana cikin matsi irin na kuɗin rajista, wasu malamai sun ba mai tuba matalauci damar riƙe gwargwadon buƙatarsa, kuma ina ganin halinka ya shiga ciki. Waƙoƙin ka goge su, domin muddin suna nan za a sake kiran ka.

Kasuwarka ba ta mutu ba. Musabaƙa, saukar Alƙur'ani ta Islamiyyu, tafsirin Ramadan, taron ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ɗaurin aure, duk lasifika suke nema, kuma sun fi yawaita a shekara fiye da bikin gama jarrabawa. Ka kuma bincika bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara a 2024. Ba kuɗin ruwa a cikinsa, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa.

Ƙwayar nan ta fi kiɗan tayar mini da hankali. Ka kira ta "wata ƙwaya," wato ko sunanta ba ka sani ba. In tramadol ce ko danginta, mai gusar da hankali ce in an sha ba da umarnin likita ba, haramun ce, tana kama jiki, kuma yawanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka daina karɓa. In ka daina ka ji ciwon gaɓoɓi, gumi, hamma da kasa barci, jiki ya fara sabawa ke nan. Ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita gaskiya, akwai yadda ake janye mutum a hankali. Mai ba ka ita kuwa ka yi masa nasiha sau ɗaya, ka rage zama da shi.

Kiɗa maras murya a kunne hukuncinsa na kayan kiɗa ne, ka bar shi. In hayaniyar ɗaki ce ke hana ka, toshe kunne ko sautin ruwan sama sun wadatar, ko ka koma aji da ba kowa.

Asuba kuwa, Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar bai ga Sulaiman bin Abi Hasma a sallar Asuba ba, mahaifiyar Sulaiman ta ce ya kwana yana nafila ne barci ya ɗauke shi, sai Umar ya ce halartar Asuba cikin jam'i ta fi soyuwa gare shi a kan tsayuwar dare. In nafila ba ta zama uzuri ba, takardar darasi ba za ta zama ba. Mafi muni shi ne alfijir ya keto kana farke ka ce bari in ɗan kishingiɗa. Wannan barci ne bayan shigar lokaci, da zunubi a kansa. Kuma kwanan zaune ba ya ma biyan buƙatarka, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta. Wanda ya kwana ido biyu yakan gane tambaya a takarda amma amsar ta ƙi fitowa. Ka juya tsarin: ka kwanta ƙarfe goma, ka tashi ƙarfe uku, ka yi karatu har kiran salla, ka yi ƙailula ta minti ashirin ko talatin bayan Azahar. Kofi ko lemon ƙara kuzari kada su wuce La'asar, domin bayan awa biyar kusan rabin sinadarinsu na nan a jini. Wayar da za ta tashe ka ka ajiye ta nesa da katifa.

In takardarka ta ƙarfe biyu ce, kada ka jira jam'in masallaci kuma kada ka haɗa salloli. A Birnin Kebbi rana tana gushewa daga tsaka kafin ƙarfe ɗaya ko daf da shi duk shekara, don haka ɗaya da kwata ka yi Azahar da abokai biyu ko uku, ka shiga da alwalarka, kana fitowa ƙarfe biyar ka yi La'asar kafin ka tsaya tattauna amsoshi a bakin ƙofa.

Allah ne mafi sani.